Ina haddace kalmomin Turanci 50 kullum amma suna zubewa: ina gyaran yake?

Tambaya: Saura wata huɗu in zauna wata jarrabawa da ake tace mutane da ita, kuma Turanci ne yake ja mini baya. Na samo jerin kalmomi 3,000 masu wuya, ina haddace 50 kullum. Bayan mako guda sai in tarar ko rabi ban riƙe ba. Abin da ya fi damuna, wani lokaci na san kalmar sarai amma sai in faɗi tambayar. Me zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka zargi ƙwaƙwalwarka. Abin da ka kwatanta yana samun kusan duk wanda ya ɗauki jeri ya bi shi daga sama har ƙasa. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace sau ɗaya aka ajiye, yawancin zubewarsa a sa'o'i da kwanakin farko take aukuwa, daga baya ta lafa. Idan ka haddace 50 yau ba ka waiwaye su ba sai bayan kwana bakwai, ka makara da bitar, shi ya sa kake ganin kamar ɗiban ruwa kake yi da kwando. Za mu zo kan wannan. Amma akwai tambayar da ta riga ta: wa ya haɗa jerin nan, kuma don wace jarrabawa?

Kafin ka ƙara haddace ko kalma ɗaya, auna kanka. Akwai gwajin da Paul Nation da David Beglar suka fitar a 2007, sunansa Vocabulary Size Test, ana samun sa a intanet. Tambayoyi 140 ne, goma daga kowane rukunin kalmomi dubu, tun daga dubun da aka fi amfani da su har zuwa rukuni na 14. Abin da ka ci ka ninka shi da 100, ka sami kimanin yawan dangin kalmomin da ka sani. Dangin kalma shi ne uwar kalma da 'ya'yanta: "analyse", "analysis", "analyst" da "analytical" duk ɗaya ake ƙirga su. Wadda ba ka sani ba ka tsallake ta, kada ka yi canke, domin gaskiyar matsayinka kake nema. Ka kuma lura da rukunin da makinka ya fara faɗuwa ƙasa da takwas cikin goma. Daga nan aikinka zai fara.

Dalilin wannan awon shi ne kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. Dubu biyun farko su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutun Turanci. Sai dai kashi 80 ba ya kai mutum ko'ina: a shafi mai kalma 300, kalma 60 ke nan ba ka sani ba. Binciken Nation, malami a jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyu Zilan, ya nuna cewa karatu ba tare da taimakon ƙamus ba yana son mutum ya san kusan kashi 98 na kalmomin da ke gabansa, wato baƙuwa ɗaya cikin 50, kuma a 2006 ya ƙiyasta cewa hakan yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 ga jarida da littafi. To idan gwaji ya ajiye ka a 4,000, kalmomi irin su "pusillanimous" da "obstreperous" ba su ne matsalarka ba tukuna. Waɗanda suke cinye maka maki su ne na tsakiya, irin su "reluctant", "undermine", "feasible", "deter", "scrutiny" da "subtle". Su ne suke cika nassin auna fahimta, su ne kuma suke cikin jimlar tambayar kanta. Mutum yakan san kalmar da aka ja wa layi amma ya rasa amsa saboda wata kalma ta tsakiya da ke gefenta ta shige masa duhu.

Akwai jeri ɗaya da nake ganin ya cancanci a bi shi kaf: Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000. Dangin kalmomi 570 ne, an kasa su rukuni goma bisa yawan fitowarsu, tara na farko 60-60, na ƙarshe 30, kuma suna ɗauke da kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Babu wani jeri mai wannan ƙanƙanta da yake biyan wahala kamarsa. Bi shi da fensir, ka soke wadda ka sani da gaske, sauran su zama kason farko na aikinka. Jerin Oxford 5000 ma yana da amfani wajen toshe giɓin tsakiya, tunda an nuna matakin kowace kalma.

Sai jarrabawar kanta. Jarrabawowi suna canza salo, jerin kalmomi kuma suna daɗewa suna yawo bayan salon da aka haɗa su dominsa ya mutu. GRE, jarrabawar masu neman karatun gaba da digiri na farko a Amurka, ta daina tambayar kishiyar kalma tun 2011, ta koma cike gurbi cikin jimla. SAT, ta shiga jami'a a Amurka, ta yi watsi da tambayoyin kalmomi masu wuyar gaske a 2016, ta koma tambayar ma'anar kalma a inda aka yi amfani da ita. IELTS, ta auna iya Turanci, ba ta da wani sashe na kalmomi zalla, amma iya sarrafa kalmomi ɗaya ne daga ma'aunai huɗu da ake ba da maki da su a rubutu da magana. A gefe guda, jarrabawowin ɗaukar aiki da na shiga jami'a da yawa har yanzu suna tambayar kishiya, da kalma mafi kusa a ma'ana, da salon magana, da rubuta kalma daidai. Saboda haka nemo takardun shekara biyar da suka wuce, ka ƙirga tambaya nawa ce ta kowane iri, sannan ka tsamo duk kalmar da ba ka sani ba, har da waɗanda suke cikin zaɓin da ba daidai ba. Masu tsara tambaya sukan juya cikin taska ɗaya, kalmar da ta zo a matsayin tarko bana tana iya zama amsa baɗi. Jerinka na 3,000 kada ka jefar da shi. Tace shi za ka yi: duk wadda ta fito a takardun baya ko ka ci karo da ita a karatu ta shigo, sauran su jira.

Yanzu maganar riƙewa, kuma a nan mafi yawan gyaran yake. Duba jeri da ma'ana a gefe yana sa mutum jin ya sani, alhali ganewa kawai yake yi domin amsar tana gabansa. A ɗakin jarrabawa ba ta gabansa. Abin da yake kafa kalma shi ne tunowa: a ɓoye amsar, ka wahala ka zaƙulo ta da kanka, sannan ka duba. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun koya wa ɗalibai kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu da Turanci. Wasu an ci gaba da yi musu tambaya a kan kowace kalma ko bayan sun amsa ta daidai, wasu kuma da zarar sun ci kalma sau ɗaya sai a daina tambayarsu ita. Bayan mako guda, na farko sun tuna kusan kashi 80, na biyu kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma ƙarin karanta kalmomin bai ɗaga su ba. Abin lura, da aka ce su yi hasashen abin da za su tuna, duk rukunonin kusan rabi suka ce. Wato jin da mutum yake yi cewa ya riƙe ba abin dogaro ba ne, sai ya gwada kansa.

Kayan aikin tunowa shi ne kati, na takarda ko na waya. Yadda aka rubuta shi ne yake bambanta mai amfani da marar amfani. A fuskar katin ka sa jimlar da ka tsinci kalmar a ciki, ka ja mata layi, misali: "Planting trees can mitigate the effects of flooding." A bayansa ka rubuta ma'ana a taƙaice, rage tsananin abu marar kyau, ka nuna aikatau ce, ka sa kalmomin da take tafiya da su, "risk", "damage", "effects", sai sunan da aka samo daga gare ta, "mitigation". Iyakar ke nan. Kati ɗaya, ma'ana ɗaya. Idan kalma tana da ma'ana biyu da jarrabawa za ta iya tambaya, yi mata kati biyu. Wanda ya cusa ma'ana biyar a bayan kati ba zai taɓa sanin ko ya ci ko ya faɗi ba, sai ya riƙa yi wa kansa sassauci. Ma'anar kuma ka ɗauko ta daga ƙamus na masu koyo, irin na Oxford, Cambridge ko Longman. Na Longman da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi yake bayanin komai, don haka ba za ka je neman ma'anar kalma ɗaya ka dawo da sababbin baƙi uku ba.

Rubuta ma'ana da Hausa ba laifi ba ne, yana ma saurin shiga. Inda ake samun matsala shi ne inda Hausa ta haɗe abin da Turanci ya raba. "Ara" tana ɗaukar "borrow" da "lend" duka biyu. "Ji" tana ɗaukar "hear", "feel" da "smell". Idan ka rubuta "mai fushi" a bayan katin "indignant", da na "irate", da na "resentful", ka shafe ainihin bambancin da za a tambaye ka: na farko fushi ne kan rashin adalci, na biyu fushi mai tsanani, na uku ƙullaci ne da aka riƙe a zuci. A irin wannan wuri ƙara 'yan kalmomi da suke fito da bambancin.

Tazarar bita ita ce rabin aikin na biyu. Tsarin akwatuna da Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972 har yanzu yana aiki. Ka tanadi gida biyar. Sabon kati yana gida na 1, ana duba shi kullum. Idan ka ci shi ya koma na 2, da ake dubawa duk kwana uku. Daga nan na 3, duk mako. Na 4, duk mako biyu. Na 5, duk wata. Duk katin da ka faɗi, ko a gida na 5 yake, ya dawo na 1. Hikimar ita ce ka sadu da kalma a daidai lokacin da ta fara kuɓuce maka, domin tunowar da aka sha wuya a kanta ta fi kafuwa, kuma lokacinka ya tafi kan masu wuya maimakon waɗanda ka riga ka mallaka. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta. Sharaɗi ɗaya ne: ka faɗi amsar da baki, ko ka rubuta, kafin ka juya katin. "Ai na sani" bayan ka ga amsa faɗuwa ce, a mayar da shi baya.

A nan za ka ga abin da ya sa 50 a rana ba za ta yiwu ba. Bita takan taru har ta kai kusan ninki goma na sababbin da kake ƙarawa kullum. Littafin jagorar Anki da kansa ya ce mai ƙara 20 kullum ya sa ran bitar kusan 200 a rana. Mai ƙara 50 zai wayi gari da kati 500. Ko daƙiƙa takwas kake ba kowanne, sama da awa guda ke nan kafin ka taɓa sabuwar kalma, kuma ba Turanci kaɗai za a tambaye ka ba. Da 15 a rana, bitar za ta tsaya wajen kati 150, minti 20 zuwa 25. Wannan kam, mutum zai iya riƙe shi wata huɗu ba fashi.

Wasu kalmomi za su ƙi zama ko sau nawa ka maimaita. Idan ka faɗi kati sau biyar ko shida, daina maimaita shi haka nan, ka sake masa dabara. Ko ka canza jimlar da wadda ta fi fito da ma'ana, ko ka ɗaure kalmar da wata ta Hausa mai kama da ita a sauti, ka haɗa su cikin hoto guda a ranka. "Tardy" tana nufin mai makara. Ka tuna wanda ya zo ya tarda an tashi. Richard Atkinson da Michael Raugh sun gwada wannan dabara a 1975 da ɗalibai masu koyon Rashanci, ta kuma yi tasiri. Ga masu taurin kai kaɗai ake yin ta, domin ƙirƙiro hoto ga kowace kalma ɓata lokaci ne.

Akwai wani lahani a jerin da aka tsara bisa haruffa wanda ba kowa yake lura da shi ba. Yana jera maka "abdicate", "abnegate", "abrogate" da "abscond" a zama ɗaya, duk baƙi, duk kama da juna, sai su cakuɗe. Haka ma koyon kalmomi shida masu ma'ana kusan ɗaya a rana guda, ko kalma da kishiyarta alhali duk biyun sababbi ne. Binciken Thomas Tinkham a 1993 da na Robert Waring a 1997 sun nuna cewa sababbin kalmomi masu dangantakar ma'ana sun fi wuyar koyo a haɗe fiye da waɗanda ba ruwansu da juna. Don haka ka gauraya katunanka. Tagwaye masu ruɗarwa irin su "prescribe" da "proscribe", ko "ingenious" da "ingenuous", ko "elicit" da "illicit", ka koyi ɗaya ta zauna daram, bayan mako ɗaya ko biyu ka kawo ta biyun, sai daga baya ka ajiye su gefe da gefe ka kwatanta. Tara kalmomi masu ma'ana ɗaya a rukuni aiki ne mai kyau, amma na bita ne bayan an san su.

Saiwar kalma da ɗafe-ɗafenta suna rage wahala sosai. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin Turanci, kuma su ne suka mamaye harshen ilimi. Sama da kashi 80 na jerin Coxhead daga Latin ko Girkanci suka fito. Wanda ya san "bene" alheri ce, "mal" sharri, "cred" yarda, "dict" faɗa, "spect" duba, "tract" ja, ya sami igiyar ɗaure kalmomi da yawa: "benevolent", "malevolent", "credulous", "contradict", "circumspect", "retract". Ka san kuma ɗafa-goshi yana sauya kama gwargwadon harafin da ke binsa, shi ya sa "in" mai kore ma'ana take zama "im" a "impartial", "il" a "illegible", "ir" a "irrelevant". Ɗafa-ƙeya kuwa yana gaya maka ajin kalma, suna ce ko sifa ko aikatau, wanda sau da yawa ya isa ya kore zaɓi biyu a tambayar cike gurbi. Amma a yi hattara, saiwa tana taimakon tunawa da kore zaɓi, ba ta yanke hukunci. "Invaluable" ba marar daraja ba ce, mai darajar da ta wuce ƙima ce. "Inflammable" mai saurin kamawa da wuta ce, daidai da "flammable". "Disinterested" marar son kai a hukunci ce, ba wanda abu bai dame shi ba. Masu tsara tambaya sun san waɗannan, suna kuma son su.

Mu dawo kan abin da ka ce ya fi damunka, sanin kalma da faɗuwa tambayarta. Mafi yawan lokaci ma'ana ta biyu ce take kayar da mutum. Kowa ya san "arrest" kamu ne, amma a "arrest the decline" tsayarwa take nufi. "Qualify" ba cancanta kaɗai ba ce: "she qualified her praise" na nufin ta rage yabon, ta sa masa iyaka. "A sound argument" hujja ce mai ƙwari, "a novel approach" sabuwar hanya ce, "pedestrian prose" rubutu ne lami, "to champion a cause" tsaya wa abu ne. "Sanction" ma tana iya zama amincewa, tana iya zama takunkumi, jimla ce kaɗai za ta raba. Idan ka ga an ja layi a ƙarƙashin kalma mai sauƙi, ka ɗauka ba ma'anar da ka saba ake nema ba, kuma ma'anar da ka saba tana nan cikin zaɓin an ɗana maka ita. Maganinsa tun a wajen ƙamus yake: kada ka tsaya a ma'ana ta 1, karanta har ƙasa.

Bayan wannan sai launin kalma, yabo ce ko zargi. "Thrifty" da "frugal" tattali ne, "stingy" da "miserly" rowa ce. "Famous" shahara ce, "notorious" ƙaurin suna. "Childlike" tsarkin zuciya irin na yaro, "childish" wauta. Ɗan alamar tarawa ko ta ɗebewa a kusurwar kati ya isa ya riƙe maka wannan. Sai abokan tafiya, musamman ƙananan kalmomin da suke bin aikatau. Kalmomi huɗu masu nufin bin doka kowacce da tata: "comply with", "abide by", "adhere to", "conform to". Ana cewa "accuse of" amma "charge with". Ana cewa "make a decision", "commit a crime", "heavy rain". Babu wata ƙa'ida da za ta fitar maka da waɗannan, tare da kalmar ake haddace su tun ranar farko, shi ya sa jimla a fuskar kati ta zama dole.

Akwai kuma yadda ake tunkarar tambayar. A cike gurbi, rufe zaɓin da hannu, ka karanta jimlar, ka sa taka kalmar ko da ta Hausa ce, sannan ka buɗe ka nemi mafi kusa da ita. Kalmomin da suke juya akalar jimla su ne jagora: "although", "despite", "yet", "far from" da "hardly" suna nuna saɓani, "because", "thus" da "moreover" suna nuna ci gaba a hanya ɗaya. Ɗauki wannan: "Although the report was ____, the committee found several errors in it." An sami kurakurai, kuma "although" ta ce abin mamaki ne, ashe gurbin yabo yake nema, wani abu kamar an yi shi da kulawa. Idan zaɓin su ne "cursory", "meticulous", "biased" da "obsolete", uku zargi ne, "meticulous" ce kaɗai ta rage. Wanda ya fara da kallon zaɓi yakan ga "errors" ya ruga ga "cursory". A tambayar kishiya kuma kusan kullum akwai mai ma'ana ɗaya da kalmar cikin zaɓin, tana jiran mai gaggawa. Ja layi a ƙarƙashin umarnin kafin ka amsa.

Don ka san wanne ne naka cikin waɗannan, buɗe littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalili: ban san kalmar ba, ma'ana ta biyu ce, na rikita ta da mai kama da ita, abokiyar tafiya ce, ko ban karanta umarni da kyau ba. Bayan tambaya 100 ka ƙirga. Idan rashin sanin kalma ne ya fi yawa, ƙara ƙarfi a kati. Idan sauran ne, ƙarin sababbin kalmomi ba zai ɗaga makinka ba, zurfafa waɗanda kake da su ne zai ɗaga.

Kati shi kaɗai yana ba da sani siriri. Karatu ne yake sa masa nama, domin kalma tana son a gamu da ita sau goma ko fiye a wurare daban-daban kafin ta zama ta gida. Ka ware minti 25 kullum ga rubutu irin wanda jarrabawarka take kawowa: sharhin jarida, bayanin kimiyya, tattalin arziki, tarihi. Gwada shafi ɗaya tukuna. Idan baƙin kalmomi sun wuce 15 cikin 300, ya yi maka nauyi, nemi mai sauƙi. Wajen shida shi ne daidai. Kada ka tsaya buɗe ƙamus a kowace kalma. Yi mata ɗigo da fensir, ka yi hasashen ma'anarta, ka wuce. In ka gama sai ka duba, ka zaɓi biyar zuwa takwas da suka cancanci kati. Zama a kan batu ɗaya na mako guda, a ce sauyin yanayi ko hauhawar farashi, yana sa kalmomi iri ɗaya su yi ta dawowa da kansu. Ka kuma saurari furucin kowace sabuwar kalma a ƙamus na waya ka maimaita da baki, ka lura da gaɓar da ake dannawa, domin tana motsi: a "photograph" ta farko ce, a "photography" ta biyu, a "photographic" ta uku. Mai Hausa ya ƙara kula da "p" da "f", tunda harshenmu bai raba su ba, kuma abin yana bin mutum har cikin rubutu.

Idan jarrabawar tana da insha'i, rubuta jimla uku kullum da kalmomin da suka kai gida na 3, ka gwada su da misalan ƙamus. A ranar jarrabawa kuwa kada ka sa kalmar da ba ka tabbatar da abokan tafiyarta ba. Babbar kalma a gurbin da ba nata ba tana rage maki, ƙaramar da ta zauna daidai ba ta ragewa.

Wata huɗun nan ga yadda zan raba maka su. Makon farko na awo ne da tace jeri da tattara takardun baya. Kwana 90 na gaba, 15 kullum, kalma 1,350 ke nan, waɗanda aka zaɓa da hujja. Kowace rana bita ce farko, kafin sababbi, sai minti 20 na rubuta sababbin katuna, sai karatu, sai tambayoyi goma zuwa goma sha biyar da agogo a gabanka. Duka kimanin awa ɗaya da rabi, kuma raba shi safe da yamma ya fi yin sa a zama ɗaya. Ranar da ka yi fashi, kada ka ninka sababbi washegari. Dakatar da su har sai ka biya bashin bita. Mako ukun ƙarshe ba sabuwar kalma, sai bita, da littafin kurakurai, da cikakkun takardu cikin lokacin da aka ƙayyade.

Ka binciki ko jarrabawarka tana cire maki kan amsar da ba daidai ba, domin shi zai gaya maka abin yi da kalmar da ba ka taɓa gani ba. Idan ba a cirewa, kada ka bar gurbi ko ɗaya. Idan zaɓi huɗu ne kuma ana cire kashi ɗaya bisa uku na maki, canke ido rufe ba riba ba asara a lissafi. Amma da zarar ka kore zaɓi biyu ta hanyar ajin kalma, ko launinta, ko saiwarta, kowane canke yana kawo maka kimanin kashi ɗaya bisa uku na maki a matsakaici, don haka a nan ka amsa.